Rasuwar 'Yar Yamai, Na'urar da Ta Zaunar da Sagiru Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ta miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, iyalan marigayi Malam Hamani Mai Goro na garin Gaya suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na cikin gari da na garuruwan Bana da Yelu, har da waɗanda ke ƙetaren kogi ba su da halin zuwa, rasuwar baƙuwarsu kuma abokiyar aikin ɗansu Sagiru, wato na'urar nan mai ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a jaka, wadda 'yan buro, ma'aikatan ofis ke nan, ke kira ordinater, mutanen gida kuma suka fi sani da 'Yar Yamai. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, ita kuma tana tsakar aiki. An nema mata magani a ƙasashe biyu, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Wanda ya karanta wannan sanarwa ya ji dariya ta taso masa, ya yi abarsa, ba a hana shi ba. Maƙwabta ma sun yi. Sai dai ya kamata ya san abin da aka rasa kafin ya buɗe baki da yawa. Muddin marigayiya na numfashi, Sagiru na zaune a Gaya, a gidan ubansa, kusa da mahaifiyarsa Inna Ma'u, aikinsa kuma na tafiya. Ranar da ta daina, ranar zamansa ya ƙare. Maganar ke nan, kuma kowa a gidan ya san ta tun ranar da na'urar ta shigo.

Sagiru shi ne autan Inna Ma'u, shi kaɗai ne kuma namijin da ya rage mata. Ya yi shekara da shekaru a Yamai yana aiki da wani kamfanin sufuri mai ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Aikinsa bin sawun manyan motoci ne: wace ta taso, wace ta maƙale a duwan wurin jami'an kwastan, wace ta kwanta a hanya, sannan ya sanar da masu kaya kafin su fara zagi. Ɗakin da yake haya a can bai isa a kai iyali ba, saboda haka matarsa Rahina da 'yarsu Jumma da ƙannenta suna Gaya wurin Inna, shi kuma yana leƙowa daga sallah sai sallah. A cikin waɗannan shekaru ne Malam Hamani ya rasu. An buga wa Sagiru waya da safe, ya faɗa motar farko da ya samu, yana Dosso aka yi sallar gawa, ya iso ya tarar mutane sun dawo daga maƙabarta suna wanke hannu. Ba wanda ya ga laifinsa, ai ba a ajiye gawa don jiran mai zuwa. Shi ne dai bai yafe wa hanyar nan ba, kuma tun daga ranar duk kiran da ya shigo daga Gaya sai gabansa ya faɗi kafin ya ɗauka.

Sai ga korona. Da aka fara raɗe-raɗin za a rufe Yamai, ba shiga ba fita, maigidansu na wurin aiki, Alhaji Alassan, wanda suke kira patron, ya tara su kowa da takunkuminsa, ya raba musu na'urorin jaka da kamfani ke da su, ya ce kowa ya je ya yi aiki daga inda yake kwana. Manya suka zaɓe sababbi. Sagiru aka miƙo masa wadda ta rage a ƙasan kabad, baƙa, mai nauyi, an liƙe gefenta da salatif. Ya tambaya a hankali ko Gaya ma tana cikin inda mutum ke kwana. Patron ya dube shi ya ce, “Ni aiki nake son gani, ba fuskarka ba. Amma ka ji da kyau, ba mu da wata. In ta mutu, babbar na'urarka na nan kan tebur tana jiranka.” Da wannan sharaɗi marigayiya ta baro garinsu, ana gobe za a rufe hanya.

Inna Ma'u ce ta raɗa mata suna. Ta sa aka ajiye ta a gabanta, ta shafa ta da tafin hannu, ta ce, “Wagga ce ta kawo mini Auta? To sannu da zuwa, 'yar Yamai. Kin yi abin da mu munka kasa.”

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kawaici, marar shiga abin da ba ruwanta. Ba ta da saurin tashi, kuma ba za mu yi mata ƙarya don ta mutu ba. In an taɓa ta da safe sai ta ja numfashi ta ce “fuuuu”, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ya dace, ta sake cewa “fuuuu”, har Sagiru ya shanye kununsa, sannan a ji “tilin-tilin”, wato ta amince a fara. Amma in ta fara, ta fara ke nan. Ba ta taɓa aiken Sagiru sayo wa baƙi shayi yana tsakar rubutu ba, abin da aka saba yi masa a buro don an ga yana da sanyin hali. Ba ta taɓa kiran taro don a tattauna taron jiya ba. Ba ta kai gulma, ba ta kawowa. Abin da aka ba ta ajiya, in an dawo gobe yana nan yadda aka bar shi.

A ƙarƙashin mangwaron tsakar gida aka kafa musu tebur, nan suka buɗe buronsu su biyu. Aikin da ke kai Sagiru magariba a Yamai, a nan kafin la'asar ya naɗe shi. Ba wani asiri ba ne. Duk motar kamfani da ta taso daga Kwatano ta Gaya za ta bi, kuma annoba ta hana mutane ƙetare gada amma ba ta hana kaya ba. Direban da a da zai buga waya ya rantse ya wuce Gaya tun safe, yanzu sai ya ɗaga kai daga kwanon kifi a bakin duwan ya ga Sagiru tsaye yana yi masa sannu da hanya. Ƙarya ta ragu, motoci suka riƙa isa kan lokaci, masu kaya suka manta lambar da suke kira su yi zagi. Abokan aikinsa na Yamai suna ta kukan zaman gida, yara sun hana su sakat, Allah-Allah suke a buɗe buro su koma cikin sanyi. Wata rana patron ya ce, “Sagiru, me kake ci a Gaya ne? Ka aiko wa sauran da shi.”

Abin da ya fi ba Sagiru mamaki shi ne kansa. Ya daɗe yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa aikin nan wahala ce kawai, don ciki ake yi. Ashe yana son aikinsa. Yana son ya ga mota ta taso daga bakin teku ya bi ta gari-gari har ta sauke, yana son ya gaya wa mai kaya magana ta tabbata. Abin da ya tsana shi ne a tashi buro ya sayi shinkafa a leda ya ci shi kaɗai yana kallon bango. A Gaya kuwa yana rubutu yana jin Rahina na daka, yana jin Inna a ƙofar ɗaki tana ciniki da masu sayen goro, in ta yi tari ya ɗaga kai ya duba da idonsa. Ya yi ƙiba. Ya fara dariya da ƙarfi irin ta ubansa, har Inna takan juyo a firgice.

Ba a ce zaman ba shi da nasa ba. Mutanen unguwa da suka ga namiji zaune a gida da rana tsaka suka yanke cewa an kore shi, suka riƙa shigowa jaje, yana bayani suna gyaɗa kai suna cewa kowa ma haka yake faɗi da farko. Da suka gamsu ba a kore shi ba, sai suka gano cewa ai yana da lokaci: wannan a karanta masa takardar magani, wancan a raka shi asibiti, waccan a raba ta faɗa da maƙwabciya. Wuta ta ɗauke, rezon sadarwa ya gudu sai an ɗaga waya sama ana lallashi, akuya ta tauna igiyar sharja. Duk wannan marigayiya ta jure, ba a taɓa jin bakinta ba.

Ita ce kuma ta ƙulla zumunci tsakanin Inna da patron. Ran nan ana taron Litinin, fuskokin 'yan buro jere a jikin gilashi, Inna ta zo wucewa ta ji murya. Ta ce, “Auta, wa ke magana cikin ɗiyata?” Ya raɗa mata cewa maigidansa ne, taro ake yi. Sai ta ja kujera ta zauna, ta gyara lulluɓi. “Salamu alaikum. Ina kwana, Alhaji? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya kunka ji da wagga cuta da anka ce ta zo?” Sagiru ya so ƙasa ta tsage ya shige. Patron kuwa ya cire tabarau ya amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare, ta sa masa albarka ta tashi. Daga ranar ba a buɗe taron Litinin sai patron ya ce a kira masa Inna tukuna.

Ciwon ajali ya fara ne da bazara. Wanda ya san zafin Gaya ba sai an yi masa bayani ba. 'Yar fankar da ke cikin marigayiya ta riƙa kuka “wiiiii” tun hantsi, ƙasanta ya yi zafin da ba a iya taɓawa, sai a ga ta ɗauke ɗif a tsakiyar magana. A yi ta fifita, ta farfaɗo, ta sake suma. Ranar da ta yi ta suma ana taro har aka gaji da jiran Sagiru, patron ya ce, ba da faɗa ba, “In abin ya ƙi, da an buɗe hanya ka dawo kawai.” Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, kuma kunnenta lafiya lau yake.

A nan ya kamata a faɗi wace ce Inna Ma'u. Tun tana amarya take taya Malam Hamani sana'ar goro, bayan ransa ta ci gaba, ko da yake yanzu ciwon gwiwa ya hana ta kasuwa, sai dai a same ta a gida. Goro abu ne mai son kulawa. Ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi. Sai an naɗe shi cikin ganye, an rufe da algarara mai laima, an ajiye kusa da randa, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Inna na alfahari da cewa goro bai taɓa bushewa a hannunta ba. A wurinta duk abin da ya yi zafi ruwa yake nema, ko yaro ne, ko goro, ko zuciyar miji.

Ta taso da sandarta, ta ɗora bayan hannu a jikin na'urar yadda ake taɓa goshin yaro. “Zazzaɓi ne,” in ji ta. “Ku da karatunku kun bar ɗiya tana ƙonewa. Kawo ta nan.” Ta kifa faifai a bakin randa, ta jiƙa algarara ta matse ta shimfiɗa, ta ɗora marigayiya a kai. Kuma abin takaicin da wannan sanarwa ba za ta iya ɓoyewa ba shi ne maganin ya ci. Kukan fanka ya lafa, jiki ya yi sanyi, aka wuni ana aiki ba suma ko ɗaya. Da ma a ce ranar ya ƙi.

Sagiru ɗan lekol ne, ya yi karatun zamani, ya san ruwa da kayan wuta ba sa shiri. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi na'ura tana aiki tiryan-tiryan, ya dubi fuskar Inna, ya rufe bakinsa. Rahina ta ja shi gefe ta ce, “Baban Jumma, anya kuwa?” Ya ce, “Ai ba cikinta ake zubawa ba.” Da ƙarfi ya faɗa, don shi ma yana buƙatar ya ji.

Daga nan Inna ta karɓi reno gaba ɗaya. Da an tashi aiki sai ta ce a kai mata ɗiyarta. Ta naɗe ta cikin ganye, ta rufa mata algarara, ta kwantar da ita a lungun da ya fi ko'ina sanyi, tsakanin kwandunan goro, in ta zo yayyafin yamma kowa ya samu rabonsa. Rahina ta sha jin ta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa: “Ki yi haƙuri ki zauna, 'yar Yamai. In kin zauna, shi ma ya zauna.” Tsohuwar da a da sai an yi da gaske take fitowa daga ɗaki, ga ta da sassafe tana ɗingishi zuwa randa, tana faɗa in wani ya taɓa mata algarara.

Aka buɗe Yamai, 'yan buro suka koma teburansu, amma patron ya ce Sagiru ya yi zamansa, tunda aikinsa ya fi na kowa fita. Waɗannan watanni su ne mafi daɗi da gidan Malam Hamani ya gani tun bayan rasuwarsa. Damina ta sauka, iska kanta ta jiƙe, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Inna ta rage wa goro ruwa kamar yadda aka saba, amma ba ta rage wa 'Yar Yamai ba, domin ita har yanzu in an taɓa ta akwai ɗumi a jikinta.

Alamu sun zo a hankali. Wasu haruffa suka daina amsawa, wasu suka fara amsa abin da ba a tambaye su ba, har ta taɓa aika wa wani babban ɗan kasuwa layi guda na “kkkkkk” ba da sanin kowa ba. Wani koren zare ya fito a gefen gilashi. In an buɗe ta sai a ji ɗan wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Inna ta ce murar damina ce, ta ƙara mata ganye. Ranar Laraba da hantsi, Sagiru na rubuta wa patron labarin wata motar shinkafa da ta kafe a laka, marigayiya ta ce “tit, tit, tit”, muryar da ba a taɓa ji daga gare ta ba. Fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Fanka ta ja “fuu” gajere ta tsaya. Sagiru ya danna maɓalli, ya sake dannawa, ya yi ta dannawa har aka kira azahar.

Ba a zauna ba. Ya gaya wa patron cewa rezo ne ya lalace, Allah ya yafe masa, ya saɓa jaka ya zaga masu gyaran waya na kasuwa. Kowa ya juya ta, ya shinshina, ya ce wannan sai Cha'ibu na Malanbil, shi kaɗai ke buɗe irinta. Rahina ta binne ta cikin buhun shinkafa, don an ce shinkafa na tsotse laima, aka tono ta ba ta ce uffan ba. Malanbil kuwa ga ta nan ƙetaren ruwa, tafiyar da a da ake yi a sayo atamfa a dawo kafin a sauke tukunya, amma gada a rufe take ga mai ƙafa biyu, hanyar Kamba ta Najeriya ma haka. Mutumin da aikinsa ƙetarar da manyan motoci ne ya rasa yadda zai ƙetarar da jaka guda. Direbobin kamfani kuma ba abin ba wa ba ne, domin labari zai riga mota isa Yamai.

Sai aka nemi Sama'ila, wani masunci ɗan Dendi da ya san inda ake bi. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Sama'ila ya naɗe marigayiya cikin leda, ya cusa ta ƙarƙashin kwandon bandar kifi, ya tura kwale-kwale. Sagiru ya tsaya a gaɓa, laka har idon sawu, yana kallon zamansa na Gaya na lilo a kan ruwa, ba abin da zai iya sai addu'a. Ko iyo bai iya ba.

Washegari Cha'ibu ya kira. “Malam, wagga cikin kogi ta faɗa?” Sagiru ya ce a'a. “To wa ke ba ta ruwa? Na buɗe, ciki duk ya yi kore, tsatsa ta cinye komi. Wanga ba ruwan yini guda ba ne. Wani ya daɗe shina shayar da ita kaɗan-kaɗan.” Sagiru ya tambaya ko akwai abin da za a canza. Cha'ibu ya ce, “Ko wanda ya ƙera ta ya zo, gaisuwa kawai zai yi maka.” Da yamma Sama'ila ya dawo da ita tana ƙamshin kifi, ya miƙa da hannu biyu ya ce, “Kala suru,” wato sai haƙuri, ya juya bai jira godiya ba.

Ba sauran ɓoyo. Sagiru ya kira patron ya faɗi gaskiya, ban da maganar algarara. Alhaji Alassan ya yi salati. “'Yar Yamai? Wayyo. Yaya Inna ta ji?” Sagiru ya fara roƙo. Ya ce zai yi da waya, aka ce aikin ba ya buɗuwa a waya. Ya ce zai nemi ta aro a gari, aka ce asirin masu kaya ba ya shiga na'urar da ba ta kamfani ba. Ya tambayi sababbin da aka ce an aika a sayo, aka ce da wannan annoba ba wanda ya san ranar da jirginsu zai taso, kuma shi mai bin sawun kaya ya fi kowa sani. Daga ƙarshe patron ya ce, “Wallahi Sagiru, bana ba wanda ya kama ƙafarka a aiki. Shi ya sa ba zan iya barin teburinka ba kowa ba. Ka zo Litinin. Ka taho da ita, sai an ga gawa ake cire ta daga kayan kamfani.”

Ya yi tunanin ajiye aikin, kada a ce bai yi ba. Ya fita ya zaga gari ya ga abin da rufe iyaka ya yi: 'yan dako da 'yan kabu-kabu zaune a inuwa suna dara, maza masu ƙarfi. Ya dawo ya dubi tukunyar gidan, da maganin gwiwar Inna, da yaran da za su koma makaranta. Ya nemi wanda zai yi fushi da shi ko zai ji sauƙi, bai samu ba. Patron ya yi masa mutunci, Cha'ibu gaskiya ya faɗa, korona ba ta da gidan da za a je a yi mata rashin kunya, Inna kuwa ba abin da ta yi sai so. Tun ranar yake zaune ƙarƙashin mangwaro, gaban tebur ba komai a kai, yana amsa gaisuwa.

Marigayiya ta rasu ta bar sharja guda mai tabon haƙorin akuya, wanda har yanzu in an sa shi a bango 'yar fitilarsa na kamawa, bai san abin da ya faru ba. Ta bar ɓeranta mai igiya da ake ja a kan tebur, da jaka mai mataccen zif, da wayar Sagiru da ta shayar da ita rezo tsawon zamansu. Ta bar babbar 'yar uwa a Yamai, wadda ba ta ɗaukuwa, ba ta taɓa ganin Gaya ba kuma ba za ta gani ba. Ta bar Rahina, wadda hannunta ya saba da ƙarin garin tuwo, da yaran da suka daina ɓuya in ubansu ya shigo. Ta bar Inna Ma'u.

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. Ba za a yi wa mamaciya wanka ba, mai gyara ya tabbatar cewa ruwan da ta samu a duniya ya wadatar. Za a sa ta cikin jakarta a ɗaure da zare. Ba za a binne ta a Gaya ba, ko da yake nan ta fi samun gata, domin danginta na kamfani sun nemi a mayar musu da gawa, kuma su ke da iko. Za a ɗauke ta ranar Asabar daga tashar motocin da ke zuwa Yamai. Mai rakiya mutum ɗaya ne, kuma ba a sa ran dawowarsa sai sallah, in an ba shi hutu.

Ba za a yi zaman makoki ba, tunda mai karɓar gaisuwa ba zai kasance a gari ba. Wanda ke da niyyar ta'aziyya ya shiga wurin Inna Ma'u, kowace rana, ba sai ta uku ko ta bakwai ba, ya ɗan zauna ko bai sayi goro ba. Wanda ya ji tarinta ya canza, ko ya ga ƙofarta a rufe har hantsi, lambar Sagiru na wurin Rahina. A kira da wuri, kada a tsaya shawara.

Iyali na roƙon masu zuwa kada kowa ya ɗauko mata maganar abin da ya yi ajalin marigayiya. An so a ɓoye mata ne gaba ɗaya. Amma jiya da yamma, Sagiru na ninke kayansa, ta aika aka kira shi. Ya same ta zaune a bakin gado, hannu a kan gwiwa. Ta ce, “Auta, faɗa mini don Allah. Ruwana ya kashe ta?” Ya durƙusa ya ce, “A'a, Inna. Kwananta ne ya ƙare.” Ta dube shi, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Sannan ta ce, “To. Allah shi sa nawa shi jira ka.”

Mota na tashi bayan sallar asuba. Mai son rakiya zuwa tasha ya zo da takunkuminsa.